Sha biyu bisa takwas

Abin awon jini na gidan likitanmu ya mutu tun kafin ruwan fari. Robar da ake matsawa ce ta tsage, in an matsa sai iskar ta fice ta gefe tana wani siririn kuka. Majo, shugabanmu a wurin, ya ɗaure ta da zare, ya liƙe da filasta, ta yi kwana uku ta sake buɗewa. Daga nan aka jefa shi cikin kwali ƙarƙashin tebur, aka ɗora masa tsofaffin katunan awo.

Wata bakwai ke nan da na fara aiki a lokacin. Na yi kolej a Gazawa, na yi karatun kiwon lafiya a Maraɗi, aka turo ni wannan ƙaramin gidan likita na ƙauye, kan hanyar da motocin kasuwar Gangara ke bi. Ba a ɗauke ni aiki ba tukuna, ina cikin masu aikin sa-kai da ke jiran takardar kwantaragi, kuma takardar ba ta motsawa sai da sa hannun Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan. Mu uku ne kawai: shi, da ni, da wata tsohuwar ungozoma da kowa ke ce wa Iya. Matar da ta yi karatun karɓar haihuwa an maida ta birni wajen mijinta, ba a kawo wata ba. Awon ciki da ɗakin haihuwa suka dawo hannuna.

A katin kowace mai ciki akwai gurbin da ake rubuta awon jini. Da abin awon ya mutu sai na riƙa barin gurbin ba komai. Majo ya gani, ya zaunar da ni.

"Ƙanwata, gurbin da ba a cika ba shi ke jawo faɗa in manya suka zo. Wadda kika ga ta shigo da ƙafarta, tana magana, tana dariya, sa mata sha biyu bisa takwas. Kafin a aiko mana da sabo."

Sha biyu bisa takwas shi ne awon mai lafiya. Na sa wa ta farko bayan na dube ta sau biyu, na sa wa ta goma ko dubawa ban yi ba. Iya da ba ta karatu ta gane siffar lambobin saboda yawan ganinsu, takan leƙo ta ce, "To, an sake yi mana ƴar'uwa. Matan ƙasar nan duka jininmu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya." Mukan yi dariya, har da ni.

Akwai kuma wata al'ada tamu ta aiki. Ba ma buɗe wa mace takardar haihuwa sai ta hau gado, kuma lokacin da ta hau gadon shi muke rubutawa a matsayin lokacin zuwanta. Ban taɓa tambayar dalili ba, haka na tarar ana yi.

Ranar da abin ya faru ranar allurar yara ce, ga ta kuma ranar kasuwa, layin mata ya kai har bakin ƙofar waje. Da hantsi amalanken shanu ya tsaya, wata dattijuwa daga rugar Fulani da ke gabas da mu ta sauko, ta kama hannun wata yarinya mai tsohon ciki. Na san yarinyar. Sati uku kafin nan ta zo awo, ni na rubuta mata katinta.

Dattijuwar ta durƙusa ta gaishe ni, abin da ya sa na ji kunya don ta isa ta haife ni. Ta ce, "Likita, wannan ce kanta ke sarawa tun jiya. Ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta."

Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ma dube ta ba. Daga baya Iya ta gaya mini ƴarta ce ta fari, shi ya sa. Na dubi yarinyar. Fuskarta ta cika, munduwar hannunta ta nutse cikin fata, ƙafafunta sun fi ƙarfin takalmin roba, ta riƙo shi a hannu. Na san wannan. An koya mana shi a lakol, wato makaranta, har ya fito a jarabawa, kuma na ci.

Na ce, "Naƙuda ta fara?"

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa, bakin mayafinta cikin haƙora. Ta ce, "Ba komai."

Na shiga wajen Majo. Jariri na kan cinyar uwarsa yana tsala ihu, shi kuma allura a hannu, gumi har cikin ido. Na ce akwai mai ciki da ciwon kai da kumburi. Bai ɗago ba ya ce in ba ta parasetamol ta zauna a inuwa, in layi ya ragu mu duba ta. Ban ce masa ina jin tsoro ba. Ban ce masa abin da aka koya mana ba, don shi ma ya sani, ya fi ni sani. Na ɓallo ƙwaya biyu na ba ta, na nuna masu gindin itacen bedi.

Sau uku na hange su ta taga. Uwar na yi mata fifita da faifai, tana kallon wani wuri daban. Da aka kira azahar ta zo bakin ƙofa, ta tsaya har na lura da ita.

"Likita, ba ku manta da mu ba ko?"

"A'a Inna, yanzun nan."

Ana kusa da la'asar muka ji ihu. Matan layi ne suka yi shi, ita ko a lokacin ba ta yi ƙara ba. Na fito na tarar da ita a ƙasa tana jijjiga, dugaduganta na haƙar rairayi, kumfa da jini a baki don ta ciji harshe. Muka ɗauke ta zuwa gado. Majo ya yi gudu ya ɗauko allurar jijjiga, ya yi mata, ya kira babban asibitin garin Agiye a waya a turo ambilans. Wallahi daga wannan lokacin ba abin da bai yi ba. Motar ta iso bayan la'asar, aka sa ta da uwarta. Ba su kai kwalta ba ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Motar ta juyo da su rana ba ta faɗi ba. Ina tsaye bakin ƙofa. Dattijuwar ta sauko ta zo har gabana ta ce, "Kun yi ƙoƙari, likita. Allah Ya saka da alheri."

Washegari da safe muka cika takardarta. Majo na tsaye a kaina, idonsa ja. Lokacin zuwa: ƙarfe uku da rabi, lokacin da ta hau gado. Da na zo gurbin awon jini na tsaya. Ya ce mai jijjiga ba ta zama sha biyu, in sa sha takwas bisa sha ɗaya. Na sa. Aka haɗa da katin awonta na sati uku da suka wuce, mai sha biyu bisa takwas da rubutuna, aka aika Agiye.

Shekarar nan ce sojoji suka ce za su maida mulki hannun farar hula, ko'ina maganar zaɓe ake. A cikin wannan hayaniyar aka kawo wani sabon tsari a gidajen likita: duk macen da ta rasu wajen ciki ko haihuwa, sai an zauna an bi takardunta daki-daki, a ga inda aka yi jinkiri, a gida ne, ko a hanya, ko a hannun ma'aikata, don a gyara. Aka aiko cewa babbar likita za ta zo daga Agiye mu yi zaman tamu.

Ana gobe za ta zo, Majo ya hau babur ya tafi wani gidan likita da ke maƙwabtaka da mu, ya dawo da abin awon jininsu a cikin jaka. Haka ake yi dama in manya za su zo, ana aron kaya kamar yadda ake aron tabarmi ranar suna. Ya goge shi, ya ajiye a kan teburina. Ya ga yadda nake kallonsa, ya ja kujera.

"Mi ne ne, ƙanwata?"

Na ce, "Majo, da hantsi suka zo."

Ya ce, "Na sani. Ni ma ban yi barcin kirki ba tun ranar. Amma ki tsaya ki ji. In muka ce abin awo ya mutu tun bazara, za su ce to lambobin duk watannin nan daga ina suka fito. Rubutun wa ke jikin katunan? Sau nawa na rubuta a aiko mana da sabo, kin ga ko amsa? Yanzu gwamnati za ta sake, kowane babba na neman wanda zai nuna ya hukunta. Ni da ƴaƴa shida, ke da takardarki tana buro, ofishin manya, tana jira. Ba ƙarya za ki yi ba. Abin da ke cikin takarda za ki karanta, shi ke nan."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da ya yi faɗa, wataƙila da na samu abin riƙewa. Mutumin nan shi ya nema mini ɗakin da nake kwana, matarsa ke aiko mini da tuwo.

A rumfar awon yara aka yi zaman. Babbar likita mace ce mai sanyin murya, da gilashi a ido. Ta zo da wani mai rubuta mata. Ga Majo, ga ni, ga Iya, ga wakilin mai gari. Bayan addu'a ta nuna mana takardun, an liƙe sunan mamaciyar da sunayenmu da farar takarda. Ta ce, "Nan ba kotu ba ce. Ba a kama sunan kowa, ba a hukunta kowa. Abin da muke nema shi ne ramin da wannan baiwar Allah ta faɗa, mu cike shi kafin wata ta biyo."

Na yarda da ita. Wannan ne ya fi damuna, don na ga a fuskarta da gaske take.

Aka ce in karanta. Na karanta da Faransanci tana maimaitawa da Hausa saboda Iya da wakili. Ina tsakiyar karatu motar wata jam'iyya ta wuce da lasifika da kiɗa, muka yi shiru har ta yi nisa. Na so a ce ba ta wuce ba.

Da na gama, likitar ta jawo babban littafin awo ta shiga buɗawa. Ta buɗa shafi, ta buɗa wani, ta koma baya. Ta dube mu ta saman gilashi.

"Ikon Allah. Matan nan naku duka sha biyu bisa takwas ne?"

Iya ce ta yi caraf ta ce, "Fura muke sha, likita. Ku na birni ku ke cin mai da gishiri jini ya hau maku." Wakili ya fashe da dariya, mai rubutu ma ya dara. Likitar ta yi murmushi kaɗan, amma ba ta rufe littafin ba. Ta ce a kawo mata abin awon. Majo ya miƙo na aro. Ta jujjuya shi, ta ce in ba ta hannuna. Ta naɗa, ta matsa, ta sa abin saurare a kunne. Ba inda iska ta fita. Ta dubi allurar, ta dube ni.

"Abin awonku lafiya lau. Ke ce ma naki ya hau, yarinya. Kin karya kumallo kuwa?"

Na ce e. Ba ta saki hannuna ba. Ta rage murya, kamar mu biyu ne a rumfar.

"Ke kika karɓe ta. Ƙarfe nawa kika fara ganin ta da idonki?"

Na sha maimaita wannan lokacin a raina. Maganar tana bakina, kalma biyu ce, da hantsi. Ina ganin gindin bedin daga inda nake zaune. Iya ta sunkuya tana gyara ɗaurin zanenta da ba abin da ya same shi. Majo na kallon hular da ya ɗora a gwiwa. Na tuna babana da ya sayar da ragonsa na layya shekarar da zan tafi Maraɗi, na tuna katunan da ke cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya da rubutuna.

Na ce, "Kamar yadda aka rubuta."

Ta jira. Sannan ta kwance abin awon daga hannuna a hankali.

Wakilin mai gari ya gyara zama ya ce ai mutanen ruga haka suke, sai abu ya ɓaci suke tahowa, sun tsaya jiƙe-jiƙe. Likitar ta ce masa ba a zo nan don ɗora wa kowa laifi ba. Amma takarda ta riga ta faɗi nata: sati uku da suka wuce jinin yarinya daidai, ranar da ta rasu ta iso tana jijjiga, an yi mata allura nan take, an kira mota nan take. Mai rubutu ya rubuta cewa jinkirin a gida aka yi shi. Aka zo kan abin da za a gyara, aka ce a je ruga a faɗakar da mata su riƙa zuwa da wuri in sun ga alamun haɗari. Aka tambayi wa zai yi. Majo ya ce ni ce mace, ni za su fi saurara. Aka rubuta, cikin sati biyu. Ba wanda ya rubuta a aiko mana da abin awon jini, tunda ga shi nan kan tebur yana aiki.

Motarsu na fita, Majo ya sa shi a jaka ya maida wa masu shi.

Ni da Iya muka je rugar bayan an gama girbi, shanu sun shiga gonaki suna cin kara. Matan suka shimfiɗa mana tabarma. Na buɗe babban littafin hotuna da aka ba mu, na nuna masu mace riƙe da kai, mace mai kumburin ƙafa, mace a kan amalanke. Na ce in kun ga wannan kada ku tsaya, kada ku jira, ku zo da wuri. Na faɗa da Hausa a hankali, wata ta riƙa juya wa tsofaffi da Fulatanci. Suna gyaɗa kai. Muryata na fita kamar daga bakin wata.

Dattijuwar na can gefe, ta rame. Ita ta kawo mana nono a ƙwarya, ta rufe da faifai, ban san ko wancan faifan ne ba. Na kasa sha, na kai baki na ajiye.

Da muka tashi tafiya ta biyo ni bayan bukka, ta yafito wata yarinya mai ciki, ta ce matar ɗanta ce. Ta kama gefen mayafina. Na ɗauka ranar tawa ce ta zo, na ma ji wani irin sauƙi, na tsaya ina jira ta faɗa mini abin da na cancanta.

Ta ce, "Likita, na ji abin da kika ce, kuma gaskiya ne. An gaya mana manya sun zauna sun ce mun makara. To ina so ki koya mini, don ni ban yi lakol ba. Waccan da muka rasa, da aka gama tatsa muka ɗaura shanu, rana ba ta yi zafi ba muka iso wurinku. In wannan ta ce kanta na sarawa, da yaushe za mu taso? Tun kafin tatsa?"

Ba gatse take yi ba. Na duba idonta da kyau ina neman gatsen, babu. Tambaya take, tana jiran amsa daga wadda ta sani.

Na waiga, Iya ta yi nisa tana sallama da mata. Na ce da ita ƙasa-ƙasa, "Inna, in ta ce kanta na ciwo, kada ku tsaya wurinmu. Ku wuce Agiye."

Ta lissafa hanya. Ta ce, "Agiye da nisa, ɗiyata. Shanun ba sa kaiwa a yini, kuma ba kullum ake samun mota ba. Ku ne kusa da mu." Ta saki mayafina ta gyara mini shi a kafaɗa. "Ba komai. Za mu zo da wuri."

Ranar kasuwar da ta biyo baya ta kawo yarinyar awo, su ne na farko a layi, tun ban buɗe ƙofa ba. Na danna ƙafarta da yatsa na ga ko zai lotsa, na duba fuskarta, na juya munduwarta na ga tana yawo. Na tambaye ta ciwon kai sau uku har ta yi dariya ta rufe baki. Iyakar abin da hannuna zai iya ke nan. Da na zo gurbin awon jini na daɗe riƙe da bik, alƙalamina, na bar wurin ba komai, na sa katin cikin na ranar.

Da safe na buɗe katin. An cika gurbin da shuɗin bik, rubutun Majo ne mai kwanciya gefe ɗaya. Sha biyu bisa takwas. Matarsa ta aiko da tuwo da rana, na ci.

An ce sai an gama zaɓe sabbin manya sun zauna za a duba takardun kwantaragi, a kuma duba kayan aikin da gidajen likita suka nema. Abin awonmu na nan cikin kwali. Watan da za mu shiga shi ne watan haihuwar yarinyar. Duk amalanken da na ji ƙarar tayarsa a bakin ƙofa sai na ajiye abin da ke hannuna na leƙa ta taga.